Saura sati uku mu koma Gombe, amma wata ce a ɗakina

Assalamu alaikum Anti, da fatan kin wuni lafiya. Don Allah a sakaya sunana.

Shekaranjiya ina tsakar ɗaure kwalaye na buɗe WhatsApp, sai ga matar ƙanin mijina ta sa hoto a sitatus, tana zaune a bakin gadona. Gadon da Babana ya sayar da shanu biyu a kasuwar Kumo ya yi min. Har zanin gadon nawa ne, mai ruwan ƙasa, wanda na ninke na kulle a sif da hannuna.

Na yi gaba, bari in dawo baya. Maigidana malamin jami'a ne a Gombe. Bara ya samu sabatikal, wato shekara ɗayan nan da ake ba malami bayan ya yi shekara 6 yana aiki, ya je wata jami'ar ya koyar. Ilorin muka zo, muka kama haya a Tanke. Albashi biyu yake karɓa, na can da na nan, kuma tun da danginsa suka ji haka wayarsa ba ta huta ba. Ni dai ban taɓa cewa uffan ba, sau ɗaya ne kawai na yi magana, shi ma a kan kuɗin makarantar yara ne.

Da za mu taho ya ce ƙaninsa ya riƙa kwana a gidanmu na Tumfure saboda ɓarayi. Ɗakin zaure aka ce. Bayan ƙaramar salla ƙanin nasa ya yi aure, ban je ba, ina fama da laulayi, har yau surukata Hajiya tana riƙe da ni a kan wannan. Ashe a ɗakina aka sauke amarya! Yaron nan dama haka yake, ko babur ka ara masa sai ka yi kamar za ka yi kuka kafin ya dawo da shi. Makullin sif ɗin kuwa a jakata yake, ke nan ɓalla shi aka yi.

Da na nuna wa maigida hoton, bai ko yi mamaki ba. Wai Hajiya ce ta ce su ɗan zauna, mu kuma mu lallaɓa a ɗakin yara kafin su samu haya. Wata huɗu ya sani, muna ci a kwano ɗaya.

Hayarmu ta nan za ta ƙare ƙarshen Agusta, an riga an ba mai mota kafin alƙalami, yara uku ba a ma nema musu makaranta ba, ga cikina wata bakwai. Yayata ta ce in motar ta iso Gombe in wuce Kumo abina har sai an fitar min da su. Ina tsoron a ce na yi yaji da tsohon ciki.

Anti, ɗakin ma a bar shi tukuna. Mutumin da ya iya ɓoye min wannan, me kuma yake ɓoyewa? In kira Hajiya da kaina ne, ko rashin kunya ne?

'Yarki, daga Tumfure.