Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Sha'awar Kwamfuta da Buɗaɗɗun Manhajoji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin abin da aka yi da abin da ba a samu yi ba daga watan Janairu zuwa Disamba na 2025, kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatare. Lissafin shige da ficen kuɗi yana hannun ma'aji, kuma duk mai son duba shi da rasiɗansa ƙofa a buɗe take.

An gudanar da zaman wata-wata yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban aikin wannan shekara shi ne taron Ranar 'Yancin Manhaja, wadda ake yi a duniya kowace Asabar ta uku ta watan Satumba, bana kuma ta faɗo ranar 20 ga wata. Tun farkon shekara kwamiti ya ga cewa bai kamata a tsaya ga lacca da shan lemo ba, domin kamfanin Microsoft ya riga ya sanar cewa daga 14 ga Oktoba 2025 zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba samu. Kowa a cikinmu ya san irin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malaman makaranta da masu shagunan buga takardu a Kano: mafi yawansu na hannu ne da aka sayo a Beirut Road ko Farm Centre, sun daɗe suna aiki, kuma lafiyarsu ƙalau. Windows 11 kuwa, sabuwar da ta gaje ta, tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD, abin da da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci ba su da shi. Kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin wa'adi har zuwa 13 ga Oktoba 2026, amma wannan jinkiri ne na shekara guda kawai. Wanda ya ci gaba da shiga asusun bankinsa da kwamfutar da aka daina toshe mata ɓaraka yana cikin haɗari na gaske, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sayen sabuwa kuma, da yadda dala ta kai tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023, ba abu ne da za a ce wa ɗalibi ya je ya yi ba.

Saboda haka muka mayar da taron ranar girka Linux, wato babbar manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ga duk wanda ya zo da kwamfutarsa. An buɗe zauren da ƙarfe tara na safe, kuma kafin azahar teburan da muka tanada sun cika, har sai da aka aro ƙarin benci da wayoyin jona wuta daga maƙwabta. Daga cikin ire-iren Linux mun zaɓi Linux Mint 22, wanda aka gina kan Ubuntu 24.04 kuma za a ci gaba da tallafa masa har 2029, musamman nau'insa na Xfce, saboda ba ya cin ƙarfin kwamfuta kuma fuskarsa ba ta baƙunta ga wanda ya saba da Windows. 'Yan kwamitin fasaha sun kwana biyu kafin taron suna shirya filashai da manhajar Ventoy, yadda filasha ɗaya ke ɗauke da babbar manhaja iri-iri, don kada a dogara da intanet a ranar. Wannan dabara ta cece mu, domin da an ce kowace kwamfuta sai ta sauke nata daga intanet, da kuɗin data kaɗai ya cinye kasafin taron.

Ƙa'idar da muka kafa ita ce ba a taɓa kwamfutar kowa sai an kwashe masa takardunsa da hotunansa a wani wuri daban, sannan a kunna masa Linux daga filasha ya gwada da hannunsa, ya ga ko sauti da Wi-Fi da firintarsa suna aiki, kafin ya amince a girka. Wannan ya jawo jinkiri, wasu har sun ƙosa a layi, amma alhamdu lillahi babu wanda ya koma gida yana kukan an ɓatar masa da aikin digiri ko lissafin shago. Mun kuma faɗa wa mutane gaskiya. Masu shagunan ɗab'i da abincinsu ya dogara kan CorelDRAW ba mu matsa musu ba. Mun nuna musu Inkscape, manhajar zane ta kyauta, mun bayyana musu cewa tsofaffin zanensu ba lallai ne su buɗe daidai a cikinsa ba, wasu suka zaɓi a raba musu kwamfutar gida biyu, Windows a gefe don aikin shago ba tare da jona ta da intanet ba, Linux a gefe don sauran hidima. Malaman makaranta kuwa, da suka ga LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, yana buɗe takardun jarrabawa da jadawalin sakamakon da suka rubuta da Word da Excel, yawancinsu ba su yi wata-wata ba.

Wasu tsofaffin kwamfutoci masu tsarin 32-bit sun ba mu aiki, domin Linux Mint 22 ba ya hawa kansu, shi ma Debian 13, wani nau'in Linux da ya fito ranar 9 ga Agusta 2025, ya daina fitar da manhajar girkawa ta irin wannan tsari. Ɗaya daga cikin matasanmu masu gyara ne ya yi tanadin Debian 12 a filasharsa, da shi aka tayar da su, kuma ya cancanci yabo a gaban kowa.

Abin da ya fi faranta mini rai a ranar shi ne teburin rubutun Hausa, wanda 'yan uwanmu mata suka riƙe tun safe har yamma. Mutane da dama ba su san cewa Linux yana zuwa da tsarin madannan Hausa a cikinsa ba, sai dai kawai a zaɓe shi, daga nan mutum ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da neman su ɗaya bayan ɗaya a jerin alamomi ba. Wani dattijo malamin Hausa ya zauna ya buga sakin layi guda da haruffa masu ƙugiya cikakku, ya kira abokan aikinsa a waya nan take ya ce su zo da nasu kwamfutocin. An tashi bayan la'asar, wasu kuma sai da aka ba su rana ta daban saboda lokaci ya ƙure. Muna godiya ga makarantar da ta ba mu zaure da majigi kyauta, da ɗan uwan da ya kawo janaretonsa ya kuma zuba mai daga aljihunsa, da waɗanda suka ɗauki nauyin ruwa da abincin masu aiki. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Sai dai wajibi ne a rubuta a wannan rahoto cewa waɗanda suka ɗauki wannan nauyi su ne dai fuskokin nan da ake gani a kowane zama. An sanar da taron a zauren WhatsApp na ƙungiya makonni kafin lokaci, an nemi masu taimako, mutane da yawa suka ɗaga hannu, amma ranar aiki ba a ga ko rabinsu ba, kuma kaɗan ne suka aiko da uzuri.

Game da ɗakin karatu na Kiwix (manhajar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba) da babban taron bara ya amince a kafa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, aikin bai kammala ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, don haka zan yi bayani dalla-dalla. Manufar ita ce a ɗora Wikipedia ta Hausa da ta Turanci da wasu littattafan karatu kan ƙaramar kwamfuta ta Raspberry Pi, ta riƙa watsa su ga ɗalibai a cikin harabar makaranta ba tare da intanet ba. An sayi na'urar, an sauke kundayen, an gwada ta a gidan shugaban kwamitin fasaha, kuma tana aiki. Abin da ya rage shi ne farantin sola da batir, domin makarantar takan wuni babu wuta, kuma na'urar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta katin ajiyarta ba ya daɗewa yake lalacewa. Kasafin da aka yi bara ya dogara ne kan cewa mambobi za su biya kuɗin wata, to ba su biya ba, farashin kayan sola kuma bai tsaya jiran mu ba. Kwamiti ya ƙi kai na'urar a kafa ta rabi da rabi don kawai a ɗauki hoto, kuma ina ganin wannan shi ne daidai, domin shugabar makarantar ta karɓe mu da mutunci, bai dace mu bar mata abin da zai mutu cikin wata guda ba. Na'urar tana nan a ajiye a hannun ma'aji.

Haka nan aikin naɗar muryoyi a dandalin Common Voice na Mozilla, inda ake tara jimlolin Hausa da muryoyin masu karanta su don kowa ya samu damar gina manhajar da ke jin harshenmu, ya fara da ƙarfi a watan Janairu sannan ya lafa. Dalili na farko shi ne tsadar data, tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. A da, ƙungiya kan saya wa ɗalibai masu aikin data daga asusunta. Bana asusun bai iya ba. Dalili na biyu shi ne aikin ba naɗa kaɗai ba ne, sai an samu masu sauraron abin da wasu suka naɗa su tantance, kuma wannan ɓangaren ne kowa ke gudu saboda yana buƙatar haƙuri. Ƙamus ɗin kalmomin kwamfuta da aka ce za a tattara shi ma yana nan a inda aka bar shi, domin waɗanda suka karɓi babi-babi ba su dawo da komai ba duk da tunin da aka yi ta yi musu.

Batun kuɗin wata shi ne tushen duk waɗannan matsaloli. Waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba, akwai kuma masu bashin da ya haura shekara biyu. Kwamiti ya san halin da ake ciki, shi ya sa da gobara ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre ranar Babbar Sallah a watan Yuni, aka yafe wa mambobinmu da abin ya shafa kuɗin sauran shekara ba tare da sun roƙa ba, muna kuma ƙara yi musu jaje, Allah ya mayar da alheri. Ɗalibai ma rabi suke biya tun asali. Maganata tana kan ma'aikata da 'yan kasuwa da Allah ya hore musu, waɗanda kullum suna cikin zaure suna muhawara kan wace babbar manhaja ta fi wata ko wace sabuwar fasahar ƙirƙirarriyar basira ta fito, amma idan ma'aji ya tura saƙon tuni sai a karanta a yi shiru. Ni da ma'aji aikin sa kai muke yi, kowannenmu yana da iyali da sana'a, kuma bin babban mutum ana roƙonsa abin da shi da kansa ya ɗaga hannu ya amince da shi a babban taro abu ne mai nauyi a zuciya. Manhajojin da muke alfahari da su kyauta ake sauke su, amma man janareto da filasha da kuɗin mota zuwa makarantu da kuɗi ake yin su.

Akwai kuma wani nauyi da taron Satumba ya bar mana. Mutanen da aka girka wa Linux suna kira suna tambaya, wannan firintarsa ta ƙi, wancan ya manta kalmar sirri, kuma duk kiran yana ƙarewa ne kan mutum uku ko huɗu. Mun yi musu alkawari da sunan ƙungiya cewa ba za a bar su su kaɗai ba, don haka cika alkawarin yana kan kowane mamba.

Kwamiti zai gabatar wa babban taro shawarwari uku don a yanke hukunci. A keɓe awa biyu kafin kowane zaman wata don taimaka wa waɗanda aka girka wa Linux, a riƙa yin sa bi da bi bisa jadawalin da za a liƙa. A buɗe gudummawa ta musamman don sola da batirin makarantar 'yan matan, a ajiye ta daban da asusun yau da kullum, domin a kai na'urar kafin ƙarshen zango na biyu. Sannan duk wanda bashinsa ya wuce shekara guda kuma bai zo ya yi magana da ma'aji ba kafin ƙarshen watan Fabrairu, a dakatar da ƙuri'arsa a zaɓen shugabanni mai zuwa har sai ya biya ko an yi masa rangwame. Wanda ke cikin matsi ya same ni ko ma'aji a keɓe, za a rufa masa asiri. Waɗanda har yanzu filashan ƙungiya da wayoyin jona wuta suke hannunsu tun ranar taro, a taimaka a zo da su zaman watan Janairu.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin gudanarwa.