Don Allah ku sa mana Alive 2007, kar a katse

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari.

Na rubuto ne kan shirinku na kiɗan ƙasashen waje, inda mai gabatarwa ya ce wai masu kiɗan kwamfuta ba abin da suke yi a gaban jama'a sai danna maɓalli mutane na ta ihu a banza. Gaskiya maganar nan ta tsaya min a rai, don da ya taɓa zama ya ji Alive 2007, faifan wasan da Daft Punk suka yi a gaban jama'a, da bai faɗi haka ba.

Faransawa ne su biyu, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗannan masu rufe kai da kwalkwali ɗin nan. An naɗi faifan a zauren Bercy na birnin Paris ranar 14 ga Yuni 2007, ya fito a watan Nuwamba, kuma a 2009 ya ci kyautar Grammy. Eh na yarda akwai abin da suka shiryo tun daga gida, kwamfuta ce ai, amma fa tsofaffin waƙoƙinsu suka farfasa suka sake ɗinkewa, sai ka ji muryar Around the World ta hau kan Harder, Better, Faster, Stronger kamar dama tare aka haife su, ga ihun mutane yana tashi daidai lokacin da suka gane wace waƙa ce ke shigowa, wallahi wannan ihun ma wani kiɗa ne. Hatta waƙoƙin faifansu Human After All na 2005 da aka yi ta kushewa, irin su Television Rules the Nation, a nan suka samu rai. Wannan shi ne danna maɓalli kawai? Haba malam.

Roƙona ɗaya ne. In za ku sa, ku bar shi ya tafi ko da minti 15 ne, ba talla ba gaisuwar masu sauraro a tsakiya, saboda waƙoƙin a haɗe suke, in aka yanka an lalata aikin. Mutanen nan sun rabu tun Fabrairun 2021, ba wani wasa da za mu sake jira daga wajensu. Shi ma mai gabatarwar a ba shi lasifikar kunne mai kyau ya ji har ƙarshe, sai ya dawo mana da bayani.

Naku,
mai sauraronku daga Damagaram