Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: bayan tiyatar sankara, wa zai koya wa mata motsa jiki?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, 'yar jinya ce kawai. Shekara guda kenan ina jinyar yayata da aka cire wa mama na dama saboda sankara, aka haɗa da kaluluwar hammata, ta sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, har ta gama. Likitoci sun yi ƙoƙari Allah ya saka musu, amma ranar sallama magani aka ba mu da ranar dawowa, ba wanda ya ce mana ga yadda za ta yi da hannun nan.

Mu kuma don tausayi muka hana ta komai. Duk mai zuwa dubiya sai ya ce ki kwanta ki huta, ko kofi ta miƙa hannu za ta ɗauka sai mu riga ta. Wata uku a haka kafaɗa ta sandare. Wata rana na shiga ɗaki na same ta riƙe da mataji ta kasa kai shi kanta, hannun ya tsaya daidai kafaɗa yana rawa, tana hawaye shiru don kar in ji, wallahi daren nan ban runtsa ba. Ga wata gajiya da barci ba ya maganinta, ga tafin ƙafa da kemo ya kashe, tana cewa kamar auduga take takawa.

Sai da Allah ya haɗa mu da wata likitar fisiyo, wato mai farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, ita ta tsayar da Yaya gaban bango ta ce ta dinga hawa da yatsu sama a hankali, kullum muna sa alama da fensir inda ta kai, sannan tafiyar minti 5 safe da yamma ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Da na ce ina tsoron hannun ya kumbura, ta ce ai wannan tsohon zance ne. Kuma gaskiyarta, tun 2009 binciken Kathryn Schmitz a Amurka ya nuna matan da hannunsu ya riga ya kumbura ma, in suka fara ɗaga ƙarfe mara nauyi a hankali a gaban mai koyarwa, kumburin ba ya ƙaruwa, tashinsa ma raguwa yake. A 2018 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Ostareliya ta ce a saka motsa jiki cikin maganin daji kansa. A 2019 masana suka fitar da ma'auni, minti 30 sau 3 a sati na irin tafiya da sauri, da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2, yana rage gajiya da fargaba da ƙuncin rai.

Toh ranka ya daɗe, mace nawa ce za ta yi sa'a irin tamu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a faɗin duniya, ban da masu ta bakin mahaifa da rediyoterafi, wato ƙona sankara da haske, ke bari da yoyon fitsari, suna jin kunyar faɗa alhali akwai atisayensa. Kuma a Mayun 2023 babban taron hukumar ya amince ƙasashe su ƙarfafa aikin farfaɗo da marasa lafiya cikin tsarin lafiyarsu.

Roƙona ba injina masu tsada ba ne. A sa likitan fisiyo a kowane sashen daji, ya ga mace tun kafin tiyata ba sai kafaɗa ta ƙage ba, kuma don Allah a horar da mata masu koyarwa, domin wadda aka cire wa mama da ƙyar take kallon madubi balle ta ɗaga hannu gaban namiji. Ba kuma a ce mata je ki motsa jiki kawai ba, wadda ciwon ya shiga ƙashi ko jininta ya yi ƙasa ko take zazzaɓi, atisayenta daban ne, sai wanda ya sani ya tsara mata. A sa shi cikin inshorar lafiya, a kuma kira mu 'yan jinya a koya mana, don mu ne muke kwantar da su da sunan so.

Alamar fensir ta Yaya yanzu ta wuce tsayin kanta, jiya da kanta ta taje gashin da ya fara tsirowa. Waɗanda muka bari a layin kemo nake roƙa wa, ranka ya daɗe.

Wassalam,
Wata 'yar jinya