Amsa ga ƙanena na Nima kan abin da zaman Italiya ya canza min

Assalamu alaikum ƙanena. Ka tambaye ni a gaban samari ranar da muke zaune bayan la'asar, wai ban da kot da sabuwar waya me fita waje ta ƙara min, tunda har yanzu waakye nake ci trotro nake hawa. Hayaniya ta yi yawa ranar shi ya sa na ce bari in rubuto maka kowa ya gani.

Abin da ya canza shi ne idon da nake kallon baƙo da shi. A Nima, unguwarmu a Accra, an san ubanka an san kakanka, ko ba ka da ko pesewa wani zai ce zo mu ci tuwo. A can takarda ce mutum. In ba ka da sojorno, wato takardar izinin zama, ba haya da sunanka, ba aikin kamfani a Brescia, sai dai gonakin tumatir na wajen Foggia inda ake biya da akwati, tun asuba kana duƙe har rana ta faɗi, ga mai haɗa ku da aikin zai cire nasa har kuɗin motar da ta kai ku gonar. Na ga mahaddacin Alƙur'ani, wanda a nan sai an tashi an ba shi wuri, yana kwana a rumfar leda cikin sanyi, ba wanda ya san ko shi waye. Wallahi har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

To da na dawo sai na ga ashe muna da irinsu a ƙofar gida. Yaran nan kayayei da ke zuwa daga arewa suna ɗaukar kaya a Makola da Tudu, wasu da goyo a baya, su kwana a bakin shaguna, sannan a tsaya ana jan ciniki da su kan sidi biyu. Da 'yan uwanmu na Nijar masu yawo da kaya a ka. Su ma akwai inda aka san iyayensu fa.

Kuma mu 'yan zango bai kamata a tuna mana ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar Ghana, tambayi tsofaffinmu gidaje nawa suka watse. A 1983 Najeriya ta koro 'yan Ghana su ma.

Na kuma dawo ina jin daɗin abin da a can babu, kiran sallah a lasifika, da hutun sallah da gwamnati ke bayarwa. A can ranar idi sai ka roƙi mai aiki awa biyu.

Maganar biza da ka yi min a kunne kuwa, ban ce kar ka je ba, amma hanyar Agadas da Libiya kam ban yarda ba. Ka zo gida ranar Juma'a bayan masallaci mu zauna, ka taho da fasfo ɗinka.

Yayanka.