Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a kan tsibirin Bouvet

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Na ga tambayarka a kan tsibirin Bouvet, yadda aka yi wurin da aka gani da ido ya ɓace wa matuƙan jirgi shekaru masu yawa.

Ka buɗe taswira ka ɗora yatsa a kan Legas, ka gangara kudu ɗoɗar. Ba za ka taɓa ƙasa ba sai ka yi kusan kilomita 6,700, ka isa digiri 54 kudu da Ikwaita. Nan Bouvet yake, kusan layi ɗaya da Legas, digiri 3 da ɗoriya gabas da Greenwich. Tsawonsa kilomita 9.5 ne, faɗinsa 7. Ƙanƙara ta rufe kashi 93 cikin ɗari nasa. Asalinsa dutse ne mai aman wuta, ƙololuwarsa Olavtoppen tana da mita 780, bakin ramin kuma ƙanƙara ta cike shi. Daga can zuwa gaɓar Antatika wajen kilomita 1,700 ne, zuwa Afirka ta Kudu sama da 2,500.

Bafaranshe Jean-Baptiste Bouvet de Lozier ne ya fara hango shi ranar 1 ga Janairu, 1739. Hazo ya hana shi sauka, bai kuma zagaya shi ba, sai ya ɗauka hancin wata babbar nahiya ce ta kudu. Babbar matsalar tana cikin lissafinsa. A zamanin, gane nisanka daga Ikwaita abu ne mai sauƙi: ka auna tsayin rana da tsakar rana, shi ke nan. Gabas da yamma kuwa sai da agogon da ke riƙe lokacin tashar da ka baro, domin bambancin minti 4 shi ne digiri 1. Irin wannan agogon da ba ya rikicewa a teku bai samu ba tukuna. Matuƙi sai ya kintata daga saurin jirgi da inda ya dosa da awannin tafiya, kullum kuskure na hawa kan na jiya, ruwa kuma na janye jirgin ba da saninsa ba. Bouvet ya rubuta wurin da kuskuren kusan digiri 8 zuwa gabas. A wannan yankin digiri ɗaya kusan kilomita 65 ne, ka ga an kauce da sama da kilomita 500, ga tsibirin da bai kai kilomita 10 ba, ga hazo. James Cook, matuƙin jirgin Ingila, ya nema a 1772 da 1775 bai samu ba, kuma ba laifinsa ba ne, inda takarda ta ce ya je.

A 1808 James Lindsay, Baturen Ingila mai farautar manyan kifayen teku, ya sake cin karo da shi. A 1825 George Norris ya sauka, ya raɗa masa suna Liverpool, ya ce na Ingila ne. Shi ne kuma ya kawo labarin wani tsibiri na biyu a kusa, Thompson, wanda ya daɗe a taswirori alhali babu shi. A ganina tsaunin ƙanƙara mai yawo a teku ya gani cikin hazo, ko da yake akwai masu cewa aman wuta ne ya nutsar da shi. Sai a 1898 jirgin binciken Jamus mai suna Valdivia ya tantance wurin Bouvet daidai. Ranar 1 ga Disamba, 1927, ayarin jirgin Norvegia ƙarƙashin Harald Horntvedt suka sauka suka kafa tutar Norway. Ingila ta ja, daga baya ta haƙura, a 1930 doka ta mai da shi mallakin Norway. Tunda bai kai digiri 60 kudu da Ikwaita ba, yarjejeniyar ƙasashe a kan Antatika, wadda ta fara daga wannan layi zuwa kudu, ba ta hau kansa ba.

Sauka a can ita ce wahalar da har yau ba ta ragu ba. Babu tashar jirgi, babu lungun da za a fake. Gaɓar galibi gangaren dutse ne a miƙe ko bangon ƙanƙara, taguwar ruwa kuma tana tahowa daga yamma dubban kilomita ba abin da ya tare ta. Wuri ɗaya ne mai dama-dama, Nyrøysa, wani fili mai tarin duwatsu a gefen yamma, tsawonsa kusan kilomita 2, wanda zaftarewar dutse ta haifar tsakanin 1955 da 1958. Babban jirgi yana tsayawa nesa, a shiga da jirgi mai saukar ungulu. Shi kuma ba ya tashi cikin hazo, ba ya tashi idan jirgin da ke ɗauke da shi yana tangaɗi. Kwale-kwalen roba kuwa shiga ba ta kai fita haɗari ba, don taguwa tana iya juya shi a bakin gaɓa, shi ya sa duk wanda aka sauke sai da tanti da abincin kwanaki fiye da waɗanda ya shirya yi. A 2018 wani ayarin masu rediyon sha'awa ya kai har gaban tsibirin, yanayi ya hana jirginsu mai saukar ungulu tashi, injin babban jirgin ya samu matsala, suka juya zuwa Cape Town ba wanda ya taka ƙasa.

Sanyin bai kai yadda kake zato ba, matsakaicinsa kusan digiri 1 ƙasa da sifili, teku ne ke daidaita shi. Iska da danshi ne ke cin gini. Tashar binciken da Norway ta kafa a Nyrøysa a 1996, zuwa 2007 an neme ta an rasa, sai a 2014 aka gina sabuwa. Babu bishiya ko ɗaya, sai gansakuka a jikin dutse, da tsuntsayen fengwin da dabbobin ruwa masu hayayyafa a Nyrøysa, waɗanda saboda su aka mai da tsibirin wurin kariya a 1971.

Idan za ka koyar da wannan a aji, ka sa yaran su yi lissafin digiri 8 ɗin nan da kansu. A gaida mutan gida da su Malam Audu.

Wassalam,
Abokinka, Ibrahim