Godiya ga makarantar da ke barin yara su gwada da hannunsu

Zuwa ga Shugaban makaranta da ɗaukacin malamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu iyayen yara ne, cikinmu akwai masu gyaran wuta, kafintoci da malaman kimiyya. Mun ga ya dace mu yi godiya a bainar jama'a kan yadda kuke tafiyar da darussan aikin hannu daga safe zuwa tashi, domin yabon gwani ya zama dole.

Darasin safe na haɗa wutar lantarki shi ya fi burge mu. Yara huɗu-huɗu ake zaunar da su, a ba su batir biyu masu bolt 1.5, ɗan ƙwan fitila, makunni da waya uku. In aka jera batiran kai da gindi, ƙarfin ya zama bolt 3, ƙwan ya kama. To, ba kullum yake kamawa ba, kuma a nan gwanintar Malam take. Ba ya karɓe wayar ya gyara musu. Cewa yake su bi hanyar wutar da yatsa, daga kan batir har ta dawo gindinsa. Nan yaro zai gano bai feƙe robar bakin waya ba, ko ya sa batir ɗaya baibai, ƙarfin wannan ya kashe na wancan. Abu ɗaya ne Malam ke hanawa tun kafin a fara, wato haɗa kan batir da gindinsa da waya tsura, babu ƙwai a tsakani, don waya za ta ɗau zafi, batir ya mutu nan da nan.

A lissafi, zare ne da rula da gwangwanaye masu girma daban-daban. A auna kewaye, a auna faɗi, a raba na farko da na biyu. Wani ya samu 3.0, wani 3.3. Malama ba ta soke ko ɗaya. Takan rubuta su duka a allo, sannan ta tambaya me ya hana su faɗa kan 3.14, wato amsar da ya kamata kowace da'ira ta bayar. Yawanci zaren ne ya miƙe da aka ja shi, ko kuwa rula ba ta ratsa tsakiyar da'irar ba.

Sandar nan mai tsawon mita ɗaya da ake kafawa a fili, ana sa wa bakin inuwarta alama duk rabin awa, dabara ce mai kyau. Kafin a tashi, yara sun ga cewa inuwa mafi gajarta ita ke kwance kan layin arewa da kudu.

Bayan hutun tara sai ɗakin gwaje-gwaje, inda ake aiki da na'urar ganin ƙananan abubuwa (microscope). Ana ɓare siririyar fatar cikin albasa, a shimfiɗa ta kan gilashi, a ɗiga aidin ɗigo ɗaya, a saukar da siririn gilashin da ake rufe ta da shi a karkace, a hankali. Mai gaggawa ya sake shi gaba ɗaya, iska ta maƙale, sai ka ga ya zauna yana zana ƙwallaye masu baƙin baki, a zatonsa ƙwayoyin halitta ne, alhali kumfa ce. Da yawa daga cikin manya ma haka suka fara. Mun ji daɗi da kuke nacewa a fara dubawa da ƙaramin madubin na'urar kafin babba, don babban ne ke saurin taɓa gilashi ya fasa shi.

A ɗakin kafinta ana koya musu cewa zarto na cin wajen milimita ɗaya zuwa biyu na katako, don haka a gefen da za a yar ake yankawa, ba kan layi ba. In an haɗa firam, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, firam ya karkace.

Godiya ta musamman ga Baba mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, wanda ke gwada kowane batir da ƙwai kafin yara su shigo. Roƙonmu ɗaya shi ne a ƙara tabarau na kare ido, don a ɗakin kafinta yara biyu ke karɓa-karɓa da guda ɗaya.

Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Naku,
Wasu daga cikin iyayen yara