Kotu ta ba ni gaskiya, dangina sun ce in yafe

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Malam yana lafiya, da iyali da almajirai. Na daɗe ina bin filin nan naka duk mako, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Ina roƙo a sakaya sunana da unguwarmu, domin mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasu ma sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

Ni tela ne a cikin birnin Kano, shekaruna 41, matata ɗaya da 'ya'ya biyar. A watan Maris na 2021, saura 'yan makonni a ɗauki azumi, na hau motar haya zan je Zariya ta'aziyya. Lokacin ana aikin hanyar, an rufe hannu ɗaya, masu tafiya da masu dawowa duk suna bin hannu guda. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai ga wata tirela ɗauke da buhunan masara ta bar layinta ta yo kanmu. Iyakar abin da na riƙe shi ne salatin direbanmu. 'Yan Road Safety ne suka ɓalle ƙofa suka ciro mu. Bawan Allahn da ke zaune kusa da ni, wani ɗan tireda mai 'ya'ya huɗu, nan take ya cika. Ni kuma ƙashin cinyata ta dama ya karye wuri biyu, gwiwar ta dagargaje.

A Asibitin Ƙashi na Dala aka yi mini aiki har sau biyu, aka sa ƙarfe, Allah ya saka wa likitocin da alheri. Ƙafar ta warke, amma gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma ta gajarce. Ni da kaina na auna da tef ɗin da nake auna wa mutane wando: inci ɗaya da rabi. Malam ya san keken ɗinki da ƙafa ake taka shi. Shekara 20 ina kan keke, yau in na yi minti goma sai in ji kamar ana soka mini allura a ƙugu. Na koma yanka kawai, ina yanka wa yaran da ni na koya musu riƙe almakashi, su ɗinka su ba ni abin da ya samu. Kafin in tashi daga jinyar, filina na Rijiyar Zaki ya tafi, sarƙa da 'yan kunnen uwargida sun tafi, ga bashin naira miliyan 1 da dubu 800 a kaina har yanzu.

Mai tirelar wani Alhaji ne mai manyan motoci shida ko bakwai. Bai taɓa tako ƙafarsa asibiti ba. Yaronsa ya aiko da naira dubu 50 da kayan shayi, shi ke nan. Da aiki na biyu ya taso, Baffana, ƙanen mahaifina, ya wanke ƙafa ya je har gida neman taimako. Ya wuni a zaure. Da Alhajin ya fito sai ya ce, ai shi ma kan motarsa ya lalace, wa zai biya shi? Wallahi Malam, wannan maganar ce ta kai ni kotu. Da ya zo ya ce sannu, ya ɗauki ko rabin kuɗin aikin, da ban san hanyar kotu ba.

Akwai wani lauya da na shekara goma ina yi masa ɗinki. Shi ya ce zai tsaya mini ba tare da na ba shi sisi ba, in an ci nasara ya ɗauki kashi 20 cikin 100. Muka rubuta, muka sa hannu. Da fari ya ce abin ba zai yi wuya ba, tunda doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka ji wa rauni, kamfanin inshora ne zai biya, ba aljihun Alhaji ba. Da ya duba lambar takardar a rumbun bayanan kamfanonin inshora, babu ita babu dalilinta. Irin takardar nan ce da ake buga wa mutane a gindin bishiya don a nuna wa ɗan sanda a wuce. Na ji a watan Fabrairun 2025 'yan sanda sun fara kama masu irinta. Ni dai abin ya riga ya wuce ta kaina.

Muka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha a ƙarshen 2021. Ba zan cika Malam da labarin ɗage zama ba, wanda ya taɓa shari'a ya sani. Kusan shekara huɗu ina hawa matakala da sanda. Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, uwargida ce. Tun ranar farko duk takardar da aka ba ta a asibiti, ko ta naira 200 ce, sai ta jefa a wani gwangwanin madara. Ina yi mata faɗa ina cewa tara shara take yi. Ranar da lauya ya zazzage gwangwanin a kan teburinsa sai da ya yi kabbara. Ya ce kuɗin da mutum ya kashe, kotu ba ta yarda da shi da baki, sai an kawo shaida ɗaya bayan ɗaya. Kuma haka aka yi: abin da muka kashe wajen mai ɗori a ƙauye, da magungunan da aka saya a kyamis ba rasit, alƙali ya zubar da su duka.

Aka kawo zanen wurin haɗarin da 'yan sanda suka yi, da rahoton jami'in duba lafiyar motoci wanda ya ce birkin tirelar ba shi da kyau. Likita ya zo ya yi bayanin ƙafar. Amma wanda ya warware shari'ar shi ne direban tirelar da kansa. Da lauyana ya tambaye shi, bayan ya yi rantsuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce sau biyu yana gaya wa maigidansa birki yana shanyewa, aka ce ya lallaɓa ya kai wannan lodin tukuna. Washegari Alhaji ya karɓe makulli.

Makonni shida da suka wuce aka yanke hukunci. Mun nemi miliyan 25. Mai shari'a ya ba ni miliyan 3 da dubu 200 na abin da na kashe, miliyan 9 na raɗaɗi da nakasa da asarar sana'a, dubu 300 kuɗin ɗawainiyar shari'a. Jimla miliyan 12 da rabi, a kan Alhaji da direban tare, da ƙarin kashi 10 cikin 100 duk shekara har ranar da za su gama biya. A harabar kotu na yi sujada, ƙafar a miƙe saboda ba ta lanƙwasuwa, mutane suna kallona. Na ɗauka wahala ta ƙare.

Ba a yi mako ba Alhajin da bai san hanyar asibiti ba ya gano hanyar gidan mai unguwarmu, da gidan liman, da gidan Baffa. Aka kira ni zaure bayan sallar isha. Ga abin da ya kawo: zai ba ni miliyan 5, uku a hannu, biyu bayan wata shida, in sa hannu cewa na yafe sauran. In na ƙi, zai ɗaukaka ƙara, kuma ya ce ko Kotun Ƙoli ce a Abuja yana da kuɗin zuwa. Lauyana ya tabbatar mini yana da wata uku daga ranar hukunci da zai iya yin hakan, kuma in ya samu aka dakatar da biyan, sai mu sake wasu shekarun.

Baffan nan da aka wulaƙanta a zaure, shi ne yanzu kan gaba wajen cewa in karɓa. Ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka mayar da shi wasa. Liman ya karanto ayoyin yafiya, ya ce haɗari ƙaddara ce, wanda ya yafe ladansa yana wurin Allah. Sai wani dattijo ya faɗi maganar da har yau take hana ni barci: waɗanda aka kashe musu mutum sun ce sun bar wa Allah tun ranar sadakar uku, kai da ka tsira da ranka a kan ƙafa kake jan mutane kotu? Ban ce komai ba, don ba a mayar wa manya magana. Amma na san abin da shi bai faɗa ba. 'Yan'uwan mamacin ne suka yafe, aka ba su buhun shinkafa da dubu 200. Matar tana nan tana wankau a gidajen mutane, babban ɗan an cire shi daga makaranta yana tura baro a kasuwa. Babu wanda ya tambayi marayun nan.

A gida kuma uwargida ta ce in na sa hannu ba ta yafe sarƙarta ba. Ta ce ba ni kaɗai aka karya ba, ita ta kwana wata uku a kan tabarma a barandar asibiti da goyo. Tun da muka yi aure ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan wannan. Kuma in an bi lissafi tana da gaskiya. In na karɓi miliyan 5, lauya ya ɗauki ɗaya, na biya bashi, abin da zai rage bai kai ya dawo da filin da na sayar ba, balle a yi maganar aikin cire ƙarfen da likita ya ce yana nan gaba. To amma miliyan 12 ɗin ma narkewa take yi tana kan takarda. Lokacin da muka shigar da ƙara litar fetur ba ta kai naira 200 ba, dala ta ɗan haura 550 a kasuwar bayan fage. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 Malam ya ga inda kaya suka kai. Dalar ta kusa ninkawa uku. In na jira wasu shekara huɗu, me kuɗin zai saya?

Lauya ya ce kada in ji tsoro. Ya ce akwai hanyar da za a nemi kotu ta umarci banki ya cire kuɗin daga asusun Alhaji, ko a kama tirela ɗaya a yi gwanjonta. Na yarda da shi, mutumin kirki ne. Sai dai shi ma yana da miliyan 2 da rabi a cikin maganar, kuma shekara huɗu ya yi yana zuba mai a motarsa saboda ni. Ko na so yafewa, ina da ikon yafe rabonsa?

Abin da ya fi damuna, Malam, shi ne halascin kuɗin. Na tambayi wani malami a unguwarmu, ya ce cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1000 na zinare, ƙafa ɗaya in ta tafi gaba ɗaya rabin haka ne, in kuma ta warke da naƙasa sai alƙali ya ƙiyasta. Na lissafa, rabin nan ya haura kilo 2 na zinare, ke nan abin da kotu ta ba ni ko kusa bai kai ba, hankalina ya ɗan kwanta. Sai kuma ya ƙara da cewa a kuskure, dangin wanda ya yi ɓarnar ne suke haɗuwa su biya. To Alhaji ba shi ke riƙe da sitiyari ba, ba kuma dangin direban ba ne. Amma shi ya ce a lallaɓa da birkin da ya san ba shi da kyau. Kuɗinsa ya halatta gare ni ko bai halatta ba? Shi kuma kashi 10 ɗin nan na kowace shekara, lauya ya ce tara ce ta jinkiri, ni kuwa kunnena kuɗin ruwa yake ji. In riba ce ba na son ko kwabo ya shiga cikin 'ya'yana.

Sai maganar direban. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo shagona, ya tsuguna a bakin ƙofa yana hawaye. Tun da aka kore shi bai sake samun mota ba, yana ɗan taɓa aikin gareji. Alhaji ya aika masa cewa tunda hukuncin a kansu ne su biyu, ya nemo rabi, in ba haka ba gidan gadonsu zai shiga ciki. Mutumin nan da ya yi ƙarya a kotu da yana kan motarsa har yau, ni kuma da na tashi a tutar babu. Tsakanina da Allah na yafe masa tun ranar da ya faɗi gaskiya. Na ce wa lauya a cire sunansa, ya ce kada in kuskura in rubuta wa kowa komai yanzu, don yafe wa ɗaya a takarda zai iya buɗe wa ɗayan ƙofar zillewa.

Don haka nake neman Malam ya haska mini. In na tsaya a kan haƙƙina na ƙi tayin nan, na saɓa wa Baffa, wanda shi ne ubana tun rasuwar mahaifina. Hakan ya zama rashin biyayya, ko rashin yarda da ƙaddara kamar yadda ake faɗa mini? In kuma na yafe alhali zuciyata ba ta yafe ba, kunyar manya ce kawai ta sa, akwai ladan da liman yake faɗa? Na yi tunanin in ce a ba ni miliyan 9 a dunƙule, in bar ƙarin kashi 10 ɗin, da sharaɗin a rubuta cewa an ƙyale direban, amma ban san ko wannan sulhu ne ko wauta ba, kuma ban gaya wa kowa ba tukuna, har uwargida.

Mai unguwa ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo amsa. Ina roƙon Malam ya duba wasiƙar nan kafin lokacin. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Wassalam. Naka,
wani tela daga Kano.